Mai Juna Biyu da Tiramol: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin, ta kuma hana shigo da shi. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekara ya nuna mutum miliyan 4.6 ke shan tiramol da kodin da danginsu ba da umurnin likita ba, kuma cikin masu shan ƙwaya huɗu, ɗaya mace ce. Saboda haka maganar ta shafi kowa, daga birnin Kano har Bahuli ta ƙasar Mubi.

Macen da jikinta ya saba da waɗannan ƙwayoyi, in ta sami ciki, abin da ta sha yakan bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Dangi sukan ce ta daina yau yau. Nufinsu alheri ne, amma akwai hatsari, gama yankewa farat ɗaya tana iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci, sau da yawa kuma a koma wa shan fiye da da. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2014 shi ne likita ya musanya mata ƙwayar da magani mai awo, watau metadon ko bufurenofin, ta riƙa sha kullum ƙarƙashin kulawarsa. Matakin farko dai shi ne ta gaya wa ungozomar asibiti gaskiya ranar awon ciki, domin a tura ta wurin likitan da ya dace.

Ko da an bi wannan hanya, jariri yana iya jin rashin maganin bayan an yanke cibiya. Alamun sukan fito cikin kwana uku, wani lokaci har kwana biyar: kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa, makyarkyata, yawan atishawa da hamma, kasa kama nono, amai da zawo. A ƙauye akan ce iska ce ko mayu, a shiga hayaƙi da jiƙo. Ciwo ne da yake warkewa. Akan naɗe jaririn cikin zane, a sa shi a ƙirjin uwarsa a ɗaki marar hayaniya, a shayar da shi kaɗan kaɗan. In abin ya tsananta, likita yakan ba shi ɗigon mofin, yana ragewa sannu a hankali.

Don haka wajibi ne haihuwar ta kasance a asibiti. Maigida kuma ya yi haƙuri su kwana huɗu zuwa bakwai a can, ko da shirin suna ya matso.