Darasin Wannan Mako: Me Ya Sa Ake Karɓe Turare A Filin Jirgin Sama?

Darasinmu na wannan mako ba ya cikin manhaja, amma yana iya shigowa gidan kowannenmu. Da yawanmu ba mu taɓa shiga jirgin sama ba. Sai dai da wuya a sami wanda bai taɓa ganin ana shirya wa kaka ko baba ko gwaggo jakar tafiya Makka ba, kuma a ranar mu 'yan makaranta ake kira mu karanta takardar ƙa'idoji. Idan muka karanta ba mu fahimta ba, tsohuwa ce za ta tsaya gaban jami'in tsaro tana kallo a jefa humrar da ta daɗe tana tattali cikin kwandon shara. Don haka muka ga ya dace mu san waɗannan dokoki, mu kuma san dalilinsu, domin wanda ya san dalili ba ya saurin mantawa.

Jaka iri biyu ce

Matafiyi yana da jaka iri biyu. Akwai babbar jaka da ake aunawa a karɓa, a saka ta a ɗakin kaya da ke ƙarƙashin jirgi, ba zai sake ganinta ba sai an sauka. Akwai kuma jakar hannu da yake shiga da ita inda fasinjoji ke zama. Yawancin kamfanonin jirage suna yarda da kilo 7 zuwa 10 a jakar hannu, alhazanmu kuwa an saba ba su ta kilo 8. Dokar jakar hannu ta fi tsanani, saboda duk abin da ke cikinta hannun mutum yana iya kai wa gare shi alhali jirgi yana sama.

Hukumar ICAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ita ke shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashe ke bi. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke sa ido, jami'an tsaro na FAAN kuma su ne muke gani suna binciken kaya a filaye irin na Malam Aminu Kano.

Kowace doka da abin da ya haife ta

A da, mutum yakan shiga jirgi kusan kamar yadda ake shiga mota a tasha. Yawan fashin jirage ne ya sa Amurka ta fara binciken kowane fasinja da jakarsa a watan Janairun 1973. Mu ma abin ya taɓa mu: ranar 25 ga Oktoban 1993 wasu samari huɗu suka yi fashin jirgin Nigeria Airways da ya tashi daga Legas zuwa Abuja, suka karkatar da shi zuwa Yamai.

Ranar 11 ga Satumban 2001 aka ƙwace jirage huɗu a Amurka da ƙananan wuƙaƙe, mutane kusan 3,000 suka rasu. Daga nan aka tsananta a kan duk wani abu mai kaifi. A watan Disamban wannan shekarar wani ɗan Birtaniya mai suna Richard Reid ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye cikin takalminsa a jirgin da ya tashi daga Faris zuwa Miami, ma'aikata da fasinjoji suka danne shi. Wannan ne asalin cire takalmi wajen bincike.

Ranar 25 ga Disamban 2009 kuma wani matashi ɗan Nijeriya, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a cikin kamfansa a jirgin Amsterdam zuwa Detroit. Bam ɗin bai tashi yadda ya so ba, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012. Bayan wannan ne na'urar da ke haska jikin mutum ta yaɗu a filayen jirage, matafiya 'yan Nijeriya kuma suka sha tsauraran bincike saboda laifin mutum ɗaya.

Dokar ruwa

Wannan ita ce ta fi cinye wa mutanenmu kaya. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka kama wasu mutane da ke shirin shiga jiragen Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadaran bam na ruwa a cikin robobin lemo, da nufin haɗa su bayan jirgi ya tashi. Na'urorin wancan lokaci ba sa iya bambance lemo da sinadari. Da farko aka hana shiga da ruwa baki ɗaya, daga baya aka daidaita a kan dokar da ake bi har yau a mafi yawan filayen duniya, musamman ga mai fita ƙasar waje.

Dokar ta ce kowace kwalba ko roba kada ta wuce mililita 100, kuma dukkansu su shiga cikin farar leda guda mai zik wadda ba ta wuce lita ɗaya ba. Don mu gane yawan, ledar fiya wata mililita 500 ce, ke nan kashi ɗaya cikin biyar nata ake nufi. Hikimar ita ce a taƙaita jimillar ruwan da mutum ɗaya zai shiga da shi, jami'i kuma ya gan shi a fili.

Akwai wurare biyu da ake yawan yin kuskure. Na farko, girman mazubin ake dubawa. Kwalbar turare mai mililita 200 ba za ta wuce ba ko da saura kaɗan a ƙasanta. Na biyu, abin da suke kira ruwa ya fi abin sha faɗi. Duk abin da ake zubawa ko shafawa ko fesawa yana ciki: zuma, man shanu, man kaɗanya, man goge baki, man shafawa, kwaɓaɓɓen lalle, fura da nono. Wurin waɗannan babbar jaka, a ɗaure su da kyau. An yi rangwame ga madara da abincin jariri da kuma maganin da mutum zai buƙata a hanya, sai dai a nuna wa jami'i tun kafin ya tambaya, a riƙe takardar likita.

Ruwan Zamzam ma ba ya shiga jakar hannu. A jarka mai lita 5 da aka rufe tun daga masana'anta ake ɗaukarsa, a ɗakin kaya. Wasu filaye a Birtaniya da suka sami sabbin na'urori sun fara sassauta dokar mililita 100 a 2025, amma matafiyi ya yi shiri da tsohuwar dokar, domin bai da tabbas a kan filin da zai yada zango.

Busasshen abu irin su kilishi da dambun nama da yaji ba ya cikin dokar ruwa, amma yana da tasa matsalar a can inda za a sauka. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shigo musu da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, hukumar alhazai ta NAHCON kuma ta sha gargaɗin maniyyata kada su tafi Saudiyya da goro.

Kaifi da wuta

Wuƙa, aska, reza, almakashi da makamantansu a babbar jaka ake saka su. Alhazai su kula da wannan, tunda da yawa suna tafiya da almakashi saboda sausaye bayan Umara. Fetur, kananzir, tukunyar gas da abin wasan wuta kuwa ba sa shiga jirgi ta kowace jaka.

Batir ya saɓa wa sauran

Kusan duk abin da aka hana a hannu ana tura shi babbar jaka. Fawa-banki da batirin waya na ajiya akasin haka suke: dole su kasance a jakar hannu. Batirin litiyam idan ya lalace ko ya matsu yakan ɗau zafi, zafin ya yi ta ƙaruwa har ya kama da wuta. A wurin zaman fasinjoji ma'aikata za su ga hayaƙi su kashe nan take, a ɗakin kaya kuwa babu kowa. A watan Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a Koriya ta Kudu kafin ya tashi. An kwashe kowa da rai, kuma bincike ya karkata ga fawa-bankin da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Tun daga lokacin kamfanoni da dama, ciki har da Emirates, suka hana amfani da fawa-banki a cikin jirgi.

Ga wurin da lissafinmu na aji zai yi amfani. Iyakar da aka yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce Wh 100. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura 160 kuwa fasinja ba ya tafiya da shi. A jikin fawa-banki mAh aka fi rubutawa. Sai a ninka shi da 3.7, wato ƙarfin batirin, a raba da 1,000. Mai mAh 20,000 zai ba da Wh 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 zai ba da 111, sai an nemi izini.

Saƙon da ba a san cikinsa ba

Wannan ya fi duk na baya haɗari, domin waɗancan kaya suke ci, wannan kuwa yana iya cin rai. Mu mutane ne masu kara. Idan wani ya ce, «Hajiya, don Allah ki miƙa wa ɗan uwana wannan ƙunshin a Jidda,» da wuya bakinta ya iya cewa a'a. Amma a idon doka, abin da ke jakarka naka ne, kuma hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa. A watan Disamban 2018 an kama wata ɗaliba a Saudiyya saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba. Sai a Afrilun 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar NDLEA ya wanke ta. Saboda haka matafiyi ya shirya jakarsa a gaban idonsa, kada ya bar ta a hannun wanda bai sani ba, ya ƙirga jakunkunan da aka rubuta da sunansa, ya adana ɗan tikitin da ake ba shi na kowace jaka.

A gaban jami'i

Idan an zo layi, a fito da ledar ruwa da kwamfuta a saka su a faranti daban, saboda kwamfuta tana kare wa na'ura ganin abin da ke ƙarƙashinta. A cire waya, makulli, tsabar kuɗi da bel kafin a bi ta ƙofar gano ƙarfe. Mace tana da damar neman mace 'yar uwarta ta bincike ta a keɓe. Kada kuma a kuskura a yi wasa da kalmar bam, ko da raha ce, domin takan jawo a rasa jirgi a kwana hannun hukuma.

Aikin gida

1. Kaka tana da kwalbar turare mai mililita 150, rabinta ya ƙare. A wace jaka za mu saka mata ita, kuma me ya sa?
2. Fawa-banki mai mAh 50,000 Wh nawa ne? Zai shiga jirgi?
3. Wane abu ne ya faru a 2006 da ya haifar da dokar ruwa?

A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo mako mai zuwa. Wanda kuma ake shirin tafiya a gidansu, ya kwafi darasin nan ya kai gida. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.