Ciwon Sandarewar Kafaɗa

Alhajin da hannunsa ya ƙi ɗaguwa wajen jifan Shaiɗan a Mina, in aka kai shi asibitin Sarki Abdul'aziz da ke unguwar Zahir a Makka, wataƙila likita ya tarar ba targaɗe ba ne. Tantanin da ya lulluɓe gaɓar kafaɗa ne ya kumbura, ya yi kauri, ya ɗame. Likita Codman na Amurka ya bayyana ciwon a 1934. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, balle masu ciwon sukari, da wanda ya daɗe da hannu a ɗaure. Da dare zafinsa kan hana barci. Akan yi allurar kotizon cikin gaɓar, a riƙa miƙa hannun sannu-sannu kowace rana, amma kafaɗar takan yi shekara 1 zuwa 3 kafin ta saki sarai.