Lemun Tsakar Gida da Ya Ƙi Yin Fure

Sau da yawa mai gida kan shuka lemo, ya yi shekaru yana ɗawainiya da shi, itacen ya cika da ganye shar, amma ko fure ɗaya babu. Kafin a ɗauko gatari, ya kamata a fara tambayar asalinsa: daga ƙwallo ya tsiro, ko mai aure ne?

Lemun zaƙi da ya tsiro daga ƙwallo yana da zamanin ƙuruciya na shekara 5 zuwa 10, wanda a cikinsa babu takin da zai sa shi haihuwa. Alamarsa ita ce dogayen ƙayoyi da rassa masu miƙewa sama. Mai aure kuwa, da yake an ɗauko idonsa daga balagaggen itace, yakan soma 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 3. Ƙuruciyar nan a cikin ƙwayoyin gado take. A shekarar 2001 masana a Sifen sun dasa wa wani dangin lemo ƙwayar gado mai umurtar fure, sai ga shi ya yi fure a shekararsa ta farko. Saboda haka mai lemun ƙwallo ya daina sare masa kai, domin a rassan sama ake fara balaga. In haƙuri ya ƙare, a yi masa aure.

Idan itacen ya balaga amma shiru, to galibi gata ne ya yi masa yawa. Abu biyu ke tayar da furen lemo: sanyi ko ƙishirwa. Sanyin hunturunmu ba kullum yake wadatarwa ba, don haka a nan ƙasar ƙishirwa ce jigo. Amma ina muke shuka lemo? Bakin rijiya ko kusa da wurin wanke-wanke, inda saiwarsa ba ta taɓa bushewa, sannan a riƙa zuba masa yuriya, wadda ganye take haifarwa, ba fure ba.

Manoman tsibirin Sisili na Italiya sun daɗe da gane wannan. Sukan hana lemunsu ruwa a tsakiyar lokacin zafi har ganye ya yi yaushi, sa'annan su kwarara masa, sai gona ta yi fari fat da fure. Mai karatu na iya jarrabawa da rani: a janye ruwa mako 4 zuwa 6, a karkatar da magudana, a dakatar da yuriya. Da ganye ya fara naɗewa, tun bai zuba ba, sai a shayar da shi sosai tare da ɗan takin NPK. Bayan mako 3 zuwa 4 akan ga huda. A ganina kada a yi wa ƙaramin dashe haka, ko itacen da ke cikin rairayi a zafin Afrilu, don yana iya mutuwa.

Daga nan ban ruwa ya ɗore ba yankewa. Mafi yawan furen zai kakkaɓe, wannan ɗabi'ar lemo ce. Abin da ke zama 'ya'ya da wuya ya wuce 2 cikin 100.