Amfilifaya da Lasifika a Gidan Kallo

Ɗalibin da ya tashi a Kura ko Bunkure ya san ƙaramin injin ban-ruwa ba ya shayar da babbar gonar shinkafa. Haka amfilifaya take da lasifikokin gidan kallon ƙwallo.

Kowace lasifika tana da turjiyar lantarki, wadda ake aunawa da om. Idan aka haɗa wayoyin lasifika biyu masu om 8 wuri guda, ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar takan koma om 4, su ja lantarki ninki biyu. Amfilifayar da ba a ƙera don om 4 ba sai ta ɗau zafi, wani lokaci ta ƙone. Saboda haka a duba rubutun bayanta kafin a biya kuɗi.

Ƙaramar amfilifaya ma tana kashe lasifika: in aka ƙure ta sauti yakan gurɓace, kuma ’yar lasifikar siririn sauti ce ke fara ƙonewa.