Yawo A Fadamar Hula

A arewacin ƙasar Isra'ila akwai wani kwari da a ke kira Hula. Duwatsun Naftali suna yamma da shi, tuddan Golan suna gabas, Dutsen Harmon kuwa yana can arewa, tsawonsa ya fi ƙafa 9,000. Ruwan da ya ke saukowa daga Harmon shi ne ya zama Kogin Urdun, ya ratsa kwarin nan kafin ya kai Tekun Galili. Bari mu yi yawo a wurin, gama akwai abin koyo.

Mai yawo ya kan bi wata gadar katako da aka shimfiɗa bisa ruwa. Dama da hagu iwa ce mai tsawo, irin wadda Masarawan dā su ke yin takarda da ita. In ya leƙa ƙasa sai ya ga tarwaɗa da kififfiya, can nesa kuma ɓaunan ruwa suna kiwo. Mai gaggawa ba ya ganin kome. Sai wanda ya taka a hankali, ya kame bakinsa. Da kaka da bazara tsuntsaye kamar miliyan 500 su kan ratsa ƙasar a hanyarsu tsakanin Turai da Afirka, da yawa kuma a nan su ke sauka su huta. Akwai kwasakwasa, da dangin shamuwa, da dangin gauraka dubu dubai. Irin waɗannan ne annabi Irmiya ya ambata a sura 8, inda ya tsauta wa mutanensa domin tsuntsaye sun san lokacinsu, su kuwa ba su san shari'ar Ubangiji ba.

Amma wurin nan ya kusa hallaka. Dā akwai tafki da babbar fadama, sauro kuwa ya yi yawa, zazzaɓi yana kashe mutane. Daga 1951 zuwa 1958 aka haƙa manyan lambatu, aka janye ruwan domin a sami gonaki. Nufin ba mugu ba ne, amma abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Ƙasar wurin ta ruɓaɓɓen ciyayi ce. Da ta bushe sai ta riƙa cin wuta daga ƙarƙashi, iska tana kwashe ta, ruwan sama kuma yana wanke dauɗarta zuwa Tekun Galili, inda jama'a su ke samun ruwan sha.

An dai bar wani ɗan yanki da ruwansa, a 1964 kuma aka keɓe shi domin namun daji da tsuntsaye, shi ne na fari a ƙasar. A can gadar katakon ta ke. A 1994 aka sāke sakin ruwa a wani sashe na gonakin, ya zama sabon tafki, ana ce da shi Agamon. Tsuntsaye suka komo. Har wani irin kwaɗo da ba a ƙara gani ba tun 1955, wanda masana suka ce ya ƙare a duniya, aka sāke samunsa a 2011.

'Yan'uwa, ga abu biyu. Na fari, Farawa sura 2 ta koya mana an sa mutum cikin gona domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Mutanen Hula sun yi aikin, suka manta da kiyayewa. Na biyu, sa'ad da suka ga kuskurensu ba su tsaya ga baƙin ciki kaɗai ba, ruwan da suka ɗauke suka mayar. Ko da haka tsohon tafkin bai komo duka ba, gama ɓarna ta fi gyara sauƙi.

Kai fa, mene ne aka ba ka amana? Akwai abin da ka ɗauke wanda ya kamata ka mayar? Kada ka jira sai ƙasa ta kama wuta.