DARASI: YADDA YAHUDAWA SUKE KOYA WA MATASA SHUGABANCI DA AIKI TARE

Kowace ƙungiyar gama kai tana da tambaya ɗaya da za ta amsa, ko ta so ko ta ƙi. Sa'ad da dattawan da suka kafa ta suka tsufa, wa zai riƙe littafin kuɗi, wa zai shugabanci taro? A wannan darasi za mu duba yadda Yahudawa manoma suka shirya samarinsu da 'yan matansu domin wannan aiki.

Asalin abin

A shekara ta 1910 maza 10 da mata 2 suka kafa ƙauyen Deganiya kusa da Tekun Galili, lokacin ƙasar tana hannun Turkawa. Gona ɗaya suke nomawa, asusunsu ɗaya, abinci kuma a ɗaki ɗaya suke ci. Irin wannan ƙauye shi ake kira kibuz. A 1921 aka kafa Nahalal, wanda ake kira moshab. A can kowane gida yana da gonarsa, amma sayen iri da taki da sayar da amfanin gona tare ake yi.

Waɗannan ƙauyuka suna bukatar mutanen da suka saba da shawara da aiki tare. Ƙungiyoyin matasa ne suka yi ta horar da su. An kafa Hashomer Hatza'ir a Turai a 1913, Hano'ar Ha'obed, watau Matasa Ma'aikata, a 1924, Bene Akiba kuma a Urushalima a 1929. Da Hitler ya hau mulkin Jamus a 1933, wata mata mai suna Recha Freier ta yi ta fid da yaran Yahudawa daga ƙasar, Henrietta Szold kuwa tana karɓarsu tana rarraba su a ƙauyukan noma. Da yawa cikinsu ba su ƙara ganin iyayensu ba. Ala tilas suka koyi riƙon junansu.

Matashi ne yake bi da matashi

Ka'idar ƙungiyoyin nan ita ce matasa su shugabanci matasa. Akan raba yara ƙananan ƙungiyoyi bisa ga shekarunsu. Kowace ƙungiya tana da jagora, wanda suke kira madrik. Sau da yawa shekarunsa 15 zuwa 17 ne, ya girmi yaransa da 'yan shekaru kaɗan. Kafin a ba shi yara sai an yi masa kos. Shi zai shirya taron mako, ya san gidan kowane yaro, ya sasanta masu faɗa. In za a yi tafiyar ƙasa ta kwana biyu, matasan ne za su ƙididdige abinci da ruwa, su raba kaya, su san wanda zai bi bayan masu rauni. Manya suna nan kusa domin tsaro da ba da shawara, amma ba sa ƙwace aikin.

Gonar yara

A da, a kibuz da yawa an keɓe wa yara gonarsu, da kaji da awaki da lambu. Yara suna da taronsu da kwamitocinsu: na aiki, na karatu, na wasanni. Ƙaramin yaro yakan yi aiki na ɗan lokaci kowace rana, yana girma ana ƙara masa. Aiki kuwa juyi ake yi. Wanda ya raba aiki bana, baɗi shi ne mai share akurki. Haka manyansu ma suke yi a lokacin, gama sakataren ƙauye da ma'aji zaɓensu ake yi na 'yan shekaru, sa'an nan su koma gona ko madafa.

Bisa ga al'adar Yahudawa, yaro mai shekara 13 ya isa ɗaukar nauyin dokokin addini. Waɗansu kibuz sukan ba tsarar yaran ayyuka 13 su cika cikin wannan shekara, kamar gadin dare, da taimakon tsofaffi, da binciken tarihin danginsu. Waɗansu ayyukan ba su yiwuwa sai an haɗa hannu.

Ƙauyen matasa na Ben Shemen, wanda Siegfried Lehmann ya kafa a 1927, a kan wannan hanya ya tashi. Shimon Peres ya yi karatu da noma a can yana saurayi. Daga baya ya zama firayim minista, ya kuma zama shugaban ƙasar Isra'ila daga 2007 zuwa 2014.

Shugabanci iri uku

Wani masani Bayahude, Kurt Lewin, ya bar Jamus ya koma Amurka a 1933. Shi da abokan aikinsa suka gwada shugabanci iri uku a kan ƙungiyoyin yara maza, suka buga sakamakon a 1939. Ga abin da suka gani:

1. Mai mulkin kai kaɗai. Shi yake yanke kome. Aiki yana tafiya muddin yana tsaye, da ya fita sai yara su saki. Waɗansu suka zama masu faɗa, waɗansu suka yi sanyi.

2. Mai shawara. Yakan bayyana aikin, a tattauna, a yanke tare. Ko ya fita aiki yana ci gaba, yaran kuma suna shiri da juna.

3. Mai sakaci. Yakan bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Nan ne aiki ya fi lalacewa.

Hanya ta biyu ce ake so madrik ya bi. Duk da haka ana koya masa ya san lokaci. In yaro ya ji ciwo a jeji, ba a tsayawa kiran taro, umarni ake bayarwa.

Inda aka sha wuya

Kada mu ɗauka kome ya tafi daidai. A 1984 tsadar kaya a Isra'ila ta haura kashi 400 cikin ɗari, bashi ya danne kibuz da yawa, matasa masu yawa suka tafi birni. Waɗansu da suka girma a can sun yi ƙara cewa jama'a ta cika matsa wa mutum, ba ta barinsa ya bi nasa ra'ayi. An daina kwantar da yara a gidan yara dabam da iyayensu kafin shekara ta 2000. Yawancin kibuz yanzu albashi suke biya gwargwadon aikin mutum. Amma har yau akwai kibuz wajen 270, ƙungiyoyin matasan kuma suna nan da jagororinsu.

Abin da muka koya shi ne, shugabanci da yi ake koyonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saurayin da bai taɓa riƙe kuɗin kaji goma ba, ba za mu iya danƙa masa asusun ƙungiya rana ɗaya ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A cikin shugabanci iri ukun nan, wanne muka fi gani a taronmu?
2. Matasa nawa ne suke da aiki a kwamitinmu? 'Yan mata nawa?
3. Wane ɗan fili ko kiwo za mu iya ba matasa a daminar bana, su riƙe lissafinsa da kansu?
4. In sun yi hasara a karo na fari, me za mu yi?