Ɗibar Bayan Gida Domin Gwajin Asalin Ƙwayar Shan Inna

Jama'a, idan yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya wayi gari ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ba tare da ya faɗi ko ya ji rauni ba, wajibi ne a sanar da asibiti mafi kusa nan da nan. Malamin asibiti zai nemi a ba shi bayan gidan yaron. Wasu iyaye sukan ji nauyin wannan roƙo, wasu kuwa har su zargi ma'aikacin da wata manufa, alhali kuwa ƙwayar shan inna a hanji take zama, ta bayan gida kuma take fita, saboda haka a nan ne ake iya kama ta.

Sau biyu ake ɗiba, a bar tazarar awa 24 zuwa 48 tsakani, domin ba kullum ƙwayar take fitowa ba. Ana so a gama cikin kwana 14 daga ranar da gaɓar ta saki, gama bayan haka ƙwayar takan ragu. Yaro ya yi bahaya a kan takarda mai tsabta ko a cikin fo busasshe, kada fitsari ko ruwa ko ƙasa su taɓa shi. Sai a ɗebi kamar girman babban yatsan baligi, wajen giram 8, a zuba a kwalbar da ma'aikaci ya kawo, a murɗa murfin sosai, a rubuta suna da rana, sa'an nan a wanke hannu da sabulu.

Aikin da ya fi wuya shi ne ajiya. Zafi yana kashe ƙwayar, kuma idan ta mutu a hanya, gwaji zai nuna babu cuta alhali tana nan tana yawo a gari. Don haka ake sa kwalbar a akwatin sanyi mai ƙanƙara, a ma'aunin 2 zuwa 8, a kai ta ɗakin gwaje-gwaje na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana 3. In an ga za a makara, sai a daskarar da ita. Kada a sa ta a firjin abinci ko na allurar rigakafi.

A ɗakin gwaji masana sukan raya ƙwayar, sa'an nan a karanta wani sashe na ƙwayoyin gadonta mai harufa wajen 900. Wannan rubutu yana canzawa da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, kamar yadda kamannin zuriya suke sauyawa a hankali. Da ƙirga bambancin ne ake gane danginta, da inda ta fito, da tsawon lokacin da ta yi a ɓoye.

A watan Agusta na 2016 aka sami yara masu cutar a Jere da Gwoza, Jihar Borno, bayan ƙasar nan ta yi shekara 2 ba a ga ko ɗaya ba. Gwaji ya nuna ba baƙuwa ba ce: jikar wadda aka gani a Borno tun 2011 ce. Wato shekara 5 ta yi tana bin yara a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga. Wannan ya sa aka bazama da rigakafi a duk yankin Tafkin Cadi.

Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na asali. Amma a 2022 aka sanar da ɓullarsa a Malawi, gwajin bayan gida kuma ya nuna daga Pakistan ƙwayar ta fito, abin da ya sa har yanzu ake bin kowane yaro da gaɓarsa ta saki.